Malami Kafin Kumbo: Aikin Koyar da Injiniyancin Jiragen Sama a Jami'a

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka harba tauraron ɗan'adam zuwa sararin samaniya, ko aka ƙaddamar da sabon jirgin sama, abin da jama'a suke gani a talabijin shi ne wuta da hayaƙi da shugabanni suna tafi. Ba kasafai ake tambayar wanda ya koyar da mutanen da suka ƙera abin ba. A kan wannan tambaya aka gina wannan maƙala. Ra'ayinta shi ne, duk ƙasar da take son mallakar fasahar jiragen sama da kumbuna, wajibi ne ta fara mallakar malaman jami'a masu koyar da fannin, ta kuma riƙe su da daraja. Dalili kuwa shi ne, mai kuɗi yana iya sayen jirgi cikin shekara guda, amma malamin da zai yaye maƙeran jirgi sai an yi fiye da shekara goma ana renonsa. Maƙalar za ta dubi fannin kansa, da abin da tarihinsa ya nuna game da malamai, da matakan da ake bi a zama malaminsa, da halin da Nijeriya take ciki, sannan ta amsa sukar masu suka, ta kuma nuna rabon malamin firamare da na sakandare a cikin al'amarin.

2.0 Fannin da Abin da Ya Ƙunsa

Wannan fanni na injiniyanci ya kasu gida biyu. Akwai ɓangaren jiragen da suke tashi a cikin iskar duniya, kamar jirgin fasinja da jirgi mai saukar ungulu da jirgi maras matuƙi. Akwai kuma ɓangaren abubuwan da suke fita inda babu iska, wato rokoki da kumbuna da taurarin ɗan'adam. Ɗalibin fannin yakan nazarci yadda iska take gudana a jikin fiffike, da yadda inji yake tura jirgi gaba, da ƙarfin ƙarafa da sauran kayan ƙira, da dabarun sarrafa jirgi ya bi hanyar da aka tsara masa. Duk waɗannan a kan lissafi da kimiyyar fiziks suke tsaye.

Abin da ya sa fannin yake da wuyar koyarwa shi ne ba ya ɗaukar kuskure. Motar da ta lalace takan tsaya a gefen hanya a kira bakanike, amma jirgin da yake sama ba shi da gefen hanya. Kafin tauraron ɗan'adam ya iya kewaya duniya a kusa da ita, dole ne ya yi gudun da ya kai kimanin kilomita 28,000 a cikin sa'a guda. Wasu taurarin sadarwa kuwa ana ajiye su ne a nisan kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, inda babu mai zuwa ya ɗaure kusar da ta kwance. Saboda haka ana bukatar malamin da zai cusa wa ɗalibi ɗabi'ar awo da sake awo, da gwaji kafin amincewa. Ko 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, sai da suka ƙera bututun gwajin iska a 1901, suka gwada siffofin fukafukai kusan ɗari biyu a cikinsa, kafin su samu tashin da bai wuce daƙiƙa 12 ba.

3.0 Salsalar Malamai

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin muhimmancin salsala, wato jerin malaman da ilimi ya biyo ta hannunsu har ya iso ga mai karatu. Ana ambaton Malam Jibrilu ɗan Umaru a duk lokacin da ake maganar karatun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafi sukutum a kan malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Wanda ya nazarci tarihin fasahar jiragen sama zai tarar cewa ita ma a kan salsala take tafiya.

A shekarar 1904 wani malamin jami'a Bajamushe mai suna Ludwig Prandtl ya gabatar da wata gajeriyar takarda a taron masana lissafi. A cikinta ya nuna cewa iskar da take gogar abu mai tafiya tana yin wani siririn shimfiɗi da yake manne wa jikinsa. A cikin wannan shimfiɗi ne ake samun tirjiyar da take rage gudun jirgi, kuma idan shimfiɗin ya rabu da fiffike, ƙarfin da yake ɗaga jirgin yakan karye. Prandtl ya shafe sauran rayuwarsa ta aiki yana koyarwa da bincike a Gottingen ta Jamus. Cikin ɗalibansa akwai Theodore von Karman, ɗan ƙasar Hangari, wanda ya kammala digirinsa na uku a 1908, ya koyar a Aachen, sannan ya koma Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya a Amurka a 1930. A can ne ya goyi bayan wasu ɗalibai da suka fara gwajin rokoki a bayan gari a 1936, lokacin da yawancin masana suke ɗaukar maganar roka a matsayin tatsuniya. Daga wannan ƙaramin gungu aka samu cibiyar JPL, wadda ta ƙera tauraron ɗan'adam na farko na Amurka da aka harba a 1958.

Salsalar ba ta tsaya nan ba. Cikin ɗaliban von Karman akwai wani Basine mai suna Qian Xuesen, wanda ya samu digiri na uku a 1939. Bayan hukumomin Amurka sun zarge shi da ra'ayin kwaminisanci, sun kuma taƙaita zirga-zirgarsa na shekara biyar, ya koma ƙasarsa a 1955. Bai koma da roka ko inji ba. Abin da ya fara yi shi ne tara matasan injiniyoyi ya koya musu tushen ilimin rokoki, sannan ya shugabanci wani sashe a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sin da aka kafa a 1958. A watan Afrilu na 1970 ƙasar Sin ta harba tauraronta na farko da rokar da ta ƙera da kanta. Wato ke nan, ilimin da ya taso daga aji guda a Jamus ya ratsa ta Amurka ya isa Sin ta hannun mutum uku, kuma dukkansu malaman jami'a ne.

Haka abin yake a sauran ƙasashe. A Rasha, Nikolai Zhukovsky ya koyar a Mosko, kuma cikin ɗalibansa akwai Andrei Tupolev, wanda har yau akwai jiragen da suke ɗauke da sunansa. A Amurka, Robert Goddard farfesan fiziks ne a Jami'ar Clark lokacin da ya harba roka ta farko mai amfani da makamashi na ruwa a watan Maris na 1926. A Indiya kuwa, Satish Dhawan ya shugabanci hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar daga 1972 zuwa 1984, amma ya ci gaba da riƙe shugabancin Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore har zuwa 1981, domin bai yarda ya rabu da wurin da ake yaye masana ba.

4.0 Matakan Zama Malamin Fannin

Hanyar zama malamin wannan fanni doguwa ce. A tsarin Nijeriya, digirin farko na injiniyanci shekara biyar ne, sai shekara guda ta hidimar ƙasa, sai digiri na biyu da yakan ci kimanin shekara biyu, sannan digiri na uku da ba ya kasa shekara uku. Idan babu yajin aiki, babu kuma jinkirin kuɗin karatu, an tasam ma shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Bayan haka sai hawan matakan aiki, tun daga mataimakin malami, zuwa malami mai daraja ta biyu da ta ɗaya, zuwa babban malami, zuwa mataimakin farfesa, har a kai ga farfesa. Kowane mataki yana bukatar shekaru na koyarwa da kuma takardun bincike da wasu masana suka tantance kafin a buga su.

Nauyi uku ne a wuyan malamin jami'a: koyarwa da bincike da hidimar al'umma. A fannin adabi ko tarihi, malami mai himma yana iya yin bincike mai inganci da ɗakin karatu da na'urar ɗaukar murya. Malamin injiniyancin jiragen sama kuwa yana bukatar bututun gwajin iska, da injin da za a kwance a ɗaure, da kwamfutoci masu ƙarfi, da wutar lantarkin da ba ta yankewa a tsakiyar gwaji. Idan babu waɗannan, sai karatun ya koma zane a kan allo, ɗalibi ya fita da takardar shaida alhali bai taɓa auna ƙarfin iska a kan fiffike ba.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ciwo. Matashin da ya kammala digiri na uku a wannan fanni abin nema ne a kamfanonin ƙera jirage da hukumomin bincike na ƙasashen waje, waɗanda suke biyan albashin da jami'o'in gida ba sa iya biya. Idan ya waiwayo ya ga an rufe jami'o'in gwamnati na tsawon wata takwas saboda yajin aiki, kamar yadda aka yi daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, da wuya a ga laifinsa idan ya yi zamansa a can. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asarar irin wannan mutum ta fi asarar ma'aikaci guda, domin tare da shi ake rasa duk ɗaliban da zai yaye a shekara talatin na aikinsa.

5.0 Halin da Nijeriya Take Ciki

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a harkar jiragen sama. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar. A 1964 aka kafa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya, wadda take horar da matuƙa da masu gyaran jirage da masu kula da zirga-zirgarsu. A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA. Sai dai tuƙa jirgi da gyara shi daban, zana shi da ƙera shi daban, kuma a nan ne giɓin yake.

Tarihin taurarin ɗan'adam na ƙasar ya isa misali. NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, wani kamfanin Ingila mai suna SSTL ne ya ƙera shi. NigComSat-1 kuwa a Sin aka ƙera shi, aka harba shi a watan Mayu na 2007, ya daina aiki a watan Nuwamba na 2008 saboda matsalar faifan da yake tattara masa hasken rana, sai da aka jira har Disamba na 2011 kafin a harba madadinsa, shi ma ƙirar Sin. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin lura a nan shi ne asalin kamfanin da ya ƙera wa Nijeriya tauraronta na farko. Daga Jami'ar Surrey ya fito. Martin Sweeting da abokan aikinsa ne suka ƙera wani ƙaramin tauraro a jami'ar, aka harba shi a 1981, sannan aka kafa kamfanin a 1985. Ashe abin da Nijeriya ta biya kuɗi ta saya, amfanin gonar wata jami'a ne.

Duk da haka, akwai alamun da suke nuna cewa inda aka koyar, ana iyawa. NigeriaSat-X, wanda aka harba a watan Agusta na 2011, injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila a ƙarƙashin horon masanan Surrey. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga wani shiri na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan, wanda ya samar da ƙaramin tauraron NigeriaEduSat-1 da aka harba a 2017, kuma a cikin wannan shiri ne Gana ta samu tauraronta na farko ta hannun wata jami'a da ke Koforidua. A Kaduna, rundunar sojan sama ta nuna jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a 2013, da wani mai suna Tsaigumi a 2018, kuma Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke garin tana koyar da wannan fanni. Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete ita ma ta buɗe sashensa. Waɗannan tsirrai ne masu kyau, amma tsiro yana bukatar mai ban ruwa, wato malamin da zai zauna a sashen shekara da shekaru.

6.0 Sukar Masu Suka

Akwai masu cewa ƙasar da take fama da talauci da ƙarancin asibitoci ba ta da hurumin maganar kumbo. Wannan suka tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma ya kamata a tuna cewa hasashen damina da manomi yake saurare a rediyo, da hotunan da ake gane wuraren da ambaliya za ta ci, da taswirar da take nuna yadda hamada take cin gonaki, duk suna dogara ne da taurarin ɗan'adam. Ƙasa tana amfani da wannan fasaha ko ta so ko ta ƙi. Zaɓin da yake gabanta shi ne ta riƙa biyan wasu har abada, ko ta reni 'ya'yanta. Lokacin da Indiya ta fara shirinta a shekarun 1960 tana fama da ƙarancin abinci, amma a watan Agusta na 2023 ta saukar da kumbo a kusa da ƙuryar kudu ta duniyar wata.

Wasu kuma suna ganin koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi ne, gwani kuwa a masana'anta ake samunsa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka duniyar wata a watan Yuli na 1969, ya bar hukumar NASA a 1971 ya koma koyar da wannan fanni a Jami'ar Cincinnati har zuwa 1979. Abdul Kalam, injiniyan rokoki da ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007, komawa aji ya yi bayan ya sauka daga mulki, kuma yana cikin gabatar da lacca ga ɗalibai a Shillong ajali ya riske shi a watan Yuli na 2015. Kalam ya sha ba da labarin cewa lokacin da rokar da ya jagoranci ƙerawa ta faɗa teku a 1979, Satish Dhawan ne ya fuskanci 'yan jarida ya ɗauki laifin, amma da aka yi nasara a 1980 sai ya tura Kalam ya yi bayani. Wannan tarbiyya ce irin ta malami, kuma ba a sayenta tare da injina.

Suka ta uku ita ce, tura matasa ƙasashen waje su koyo ya wadatar. Tura su yana da kyau, domin haka Sin da Indiya suka yi. Sai dai Qian da Dhawan da suka dawo gida sun tarar da aji da ɗalibai suna jiransu. Idan wanda aka horar ya dawo aka ajiye shi a ofis yana sa hannu a takardu, iliminsa da shi zai yi ritaya.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, duk yarjejeniyar sayen jirgi ko tauraron ɗan'adam ya kamata ta ƙunshi horar da malaman jami'a, tare da sharaɗin su dawo su koyar na wasu shekaru. Na biyu, tun da kayan gwaji suna da tsada, ya fi dacewa a gina ɗakunan gwaji kaɗan masu inganci waɗanda jami'o'i za su yi tarayya a kansu, maimakon kowace jami'a ta buɗe sashe da allo da kujeru kawai. Asusun TETFund yana da rawar da zai taka a nan. Na uku, a buɗe ƙofa tsakanin aji da ma'aikata: injiniyan da ya daɗe yana gyaran jirage ya zo ya koyar, malami kuma ya je ya yi wata shida a wurin gyara. Na huɗu, a kyautata albashi da kuɗin bincike yadda gwanin ɗalibi zai ga cewa zama a jami'a ba horo ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

8.0 Rabon Malamin Firamare da na Sakandare

Mai shirin zama malami a firamare ko ƙaramar sakandare yana iya ganin wannan magana ta yi masa nisa. Ba ta yi ba. Konstantin Tsiolkovsky, wanda ya wallafa lissafin tafiyar roka a 1903, malamin makaranta ne mai matsalar ji, yana koyar da lissafi da fiziks a garin Kaluga na Rasha. Bugu da ƙari, babu farfesan da bai fara da ƙirga tsakuwa a aji ɗaya ba. Yaron da aka tsoratar da shi daga lissafi yana ɗan shekara tara ya riga ya fita daga salsalar, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamin Hausa ma yana da nasa kason. Rashawa da Sinawa da Japanawa da harsunansu suke koyar da 'ya'yansu kimiyya. Hausa ta riga ta samar da kalmomi irin su jirgin sama da kumbo da tauraron ɗan'adam da jirgi mai saukar ungulu, kuma kowane Bahaushe yana fahimtarsu ba tare da ƙamus ba. Abin da ya rage shi ne masana harshe su zauna da injiniyoyi su ƙirƙiro sauran kalmomin fannu, a kuma rubuta ƙananan littattafai da za su bayyana wa yaro dalilin da ya sa ƙarfe mai nauyi yake tashi sama. Malamin da ya naɗe takarda ya yi jirgi da ita a aji, ya lanƙwasa fiffiken ya tambayi yara dalilin da ya sa jirgin ya karkata, ya fara darasin da ake ƙarasawa a jami'a.

9.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa fasahar jiragen sama da kumbuna ta yaɗu a duniya ne ta hannun malamai, daga Prandtl zuwa von Karman zuwa Qian, daga Zhukovsky zuwa Tupolev, daga Dhawan zuwa Kalam. An kuma nuna cewa Nijeriya ta sayi taurari, ta horar da wasu injiniyoyi, ta buɗe wasu sassa, amma ɗorewar wannan ƙoƙari ta rataya ne a kan samun malaman da za su zauna su yaye wasu. Ya rage ga gwamnati ta sa malami a gaba cikin kasafinta, ga gwanayen ɗalibai su ɗauki koyarwa a matsayin aikin da ya cancance su, ga malaman ƙananan makarantu kuma su riƙe lissafi da kimiyya da muhimmanci tun daga aji ɗaya.